Ƙwaya da Rashin Tsaro a Karkarar Zamfara: Nazari kan Yankin Ɗansadau

Ɗansadau gari ne a ƙaramar hukumar Maru da ke kudancin jihar Zamfara, kimanin kilomita 100 daga Gusau ga wanda ya bi ta Magami. Ƙasa ce mai albarkar noma, wadda ta daɗe tana ciyar da kasuwannin jihar da masara da dawa da waken suya, kuma makiyaya sun san ta da yalwar ciyawa da ruwa tun kafin a ƙirƙiro jihar Zamfara a shekarar 1996. A gefen garin ne dajin Kuyambana yake, wanda ya haɗe da dazuzzukan Birnin Gwari a jihar Kaduna, ya kuma miƙa zuwa iyakokin jihohin Neja da Kebbi. Wannan daji da ya zame wa manomi da makiyayi arziki shi ne daga baya ya zama mafakar 'yan bindiga, har ta kai matafiya ba sa hawa hanyar Gusau sai sun taru sun jira rakiyar sojoji.

An yi rubuce-rubuce masu yawa kan kashe-kashen da suka auku a wannan yanki. A watan Afrilun 2014 aka kai hari garin 'Yargaladima a daidai lokacin da 'yan sa-kai da shugabannin al'umma suke taro kan matsalar tsaro, aka kashe mutanen da rahotanni da dama suka ce sun haura ɗari. A watan Yulin 2021 'yan bindiga suka harbo jirgin yaƙin sojojin saman Najeriya a dazuzzukan wannan shiyya, matuƙin ya tsira da ransa, sannan a watan Satumba na shekarar aka far wa sansanin jami'an tsaro da ke Mutumji aka kashe 12 daga cikinsu. Kwamitin da gwamnatin jihar ta kafa a ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, Muhammad Abubakar, ya bayar da rahoto a 2019 cewa tsakanin 2011 da 2019 an kashe mutum 6,319 a faɗin Zamfara, an sace 3,672, an kuma biya kuɗin fansa fiye da naira biliyan 3. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne wani ƙaramin abu da ke shiga aljihu, wanda yake tafiya tsakanin gari da daji kusan kowace rana, wato ƙwaya. Wannan nazari ya duƙufa ne kan rawar da take takawa, domin a ganina ita ce zaren da ya ɗinke ɓarnar cikin gari da ta cikin daji, kuma ita ce ɓangaren matsalar da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Ƙwaya ba ta shigo ƙauye da sunan kayan maye ba, da sunan maganin gajiya ta shigo. Wannan batu yana da muhimmanci ƙwarai ga duk mai son fahimtar yadda ta samu gindin zama a cikin al'ummar da ke ƙyamar giya ƙyama mai tsanani. Zamfara ce jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Oktoban 1999 a zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, aka rufe gidajen giya, kuma ko kafin haka mashayin giya a ƙauyen Hausawa mutum ne da ba a ba shi aure cikin sauƙi. Tiramadol kuwa, maganin kashe zafin ciwo wanda matasa ke kira taramol, ba ya wari a baki, ba ya sa tangaɗi a kan hanya, a cikin takardar magani yake zuwa, kuma a shagon kemis ake sayensa, ko a hannun mai tallar magani da ke baza kayansa a kan tire ranar kasuwa tare da fanadol da maganin zazzaɓi. Uba zai iya ganin ɗansa ya jefa ƙwaya biyu a cikin shayi da sassafe kafin ya tafi gona, bai ga abin tsawatarwa ba, domin a idonsa yaro ne ke shirin aiki.

Tsarin aikin ƙarfi a karkara shi ma ya taimaka. Ɗan ƙwadago da ya karɓi jingar huɗa ko noma ba a biyansa da yawan sa'o'in da ya yi, ana biyansa ne da faɗin gonar da ya gama, saboda haka duk abin da zai sa ya wuni a duƙe bai ji ciwon baya ba, riba ce a wurinsa. Haka abin yake ga mai haƙar zinari da ke shiga rami mai zurfi a ƙasashen Maru da Anka da Bukkuyum, da mai fasa dutsen da aka haƙo, da ɗan kabu-kabu da ke kai fasinja ƙauyukan da mota ba ta zuwa. Tiramadol ya dace da wannan buƙata ta wata fuska da sauran magungunan danginsa ba su dace ba, domin ban da kashe zafin ciwo, yana motsa wasu sinadaran ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya ji kuzari da sakin rai maimakon barci. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta amince ne kawai da mai ƙarfin miligiram 50 da 100, kuma likitoci ba sa bari majinyaci ya wuce miligiram 400 a yini guda. Wanda ya cika kasuwannin bayan fage kuwa mai ƙarfin 200 ne, da 225, da 250, wanda ke nufin ƙwaya biyu kaɗai sun kai ko sun zarce iyakar da aka gindaya wa marar lafiyar da ke kwance a asibiti. Bayan 'yan watanni jiki yakan saba, biyu su daina aiki sai huɗu, kuma ranar da ba a samu ba sai ciwon gaɓoɓi da zufa da rashin barci da baƙin rai su taso, har mutum ya kasa ɗaga fartanyar da ya fara shan ƙwayar dominta. Wanda ya zarce ƙima kuma yakan yanke jiki ya faɗi yana karkarwa kamar mai farfaɗiya, abin da iyaye da yawa ke ɗauka bugun iska ne.

Ba tiramadol ne kaɗai ke yawo ba. Akwai wiwi, wadda akasarinta daga dazuzzukan jihohin Ondo da Edo da maƙwabtansu ake lodo ta a ɓoye cikin manyan motoci zuwa Arewa. Akwai ƙwayoyin kwantar da hankali da na masu taɓin ƙwaƙwalwa da aka karkatar, irin su diyazefam da ezol da roci, akwai maganin tari mai kodin, sannan ga na marasa ƙarfi: sholisho da ake shaƙa, da zaƙami da ke tsirowa a bayan gari ba tare da an shuka shi ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 daga cikin 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi, miliyan 4.6 kuma magunguna dangin tiramadol. A shiyyar Arewa maso Yamma an ƙiyasta mutum miliyan 3, inda Kano ta zo ta farko da kashi 16 cikin ɗari, Zamfara ta bi mata da kashi 13.5. Jihar da mafi yawan mutanenta mazauna ƙauye ne ba za ta kai wannan matsayi da shaye-shayen Gusau da Ƙaura Namoda kaɗai ba.

Hanyar da kayan ke bi kafin su iso doguwa ce. Mafi yawan tiramadol mai ƙarfin da ya wuce ƙa'ida a ƙasar Indiya ake sarrafa shi, a shigo da shi cikin kwantena ta tashoshin jiragen ruwan Legas da Onne, ko ta Kwatano da Lome, daga nan ya watsu zuwa manyan kasuwannin magani, wani kuma ya hau ta Jamhuriyar Nijar ya sauko ta iyakokin tudu. Daga babban dila zuwa ƙaramin dila kwali yakan koma fakiti, fakiti ya koma kati, har ya isa ƙauyen da ake sayar da shi ƙwaya ɗaya-ɗaya. Lasisin mai shagon kemis bai ba shi izinin sayar da irin wannan magani ba, iyakarsa magungunan da ba sa buƙatar takardar likita, amma jami'in da zai duba shagonsa yana Gusau, kuma hanyar da zai bi ya zo ita ce wadda ba a hawa sai da rakiya.

A nan ne labarin ƙwaya ya haɗu da labarin daji. Ya kamata a faɗa tun da wuri cewa ƙwaya ba ita ta haifar da rikicin Zamfara ba. Tushensa yana cikin cinye burtali da makiyaya da gonaki suka yi, da satar shanu, da zaluncin da aka riƙa yi wa makiyaya a hannun wasu alƙalai da 'yan sanda da masu sarauta, da kisan da 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba, da ramuwar gayyar da ta biyo baya, da makaman da suka kwararo yankin Sahel bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011. Duk wanda ya ce ƙwaya ce sanadi ya sauƙaƙa wa masu alhakin waɗancan abubuwa, kuma ya zalunci dubban makiyayan da su ma aka sace musu dabbobi aka raba su da rugagensu. Sai dai da wutar ta kama, ƙwaya ta zama ɗaya daga cikin itacen da ke hana ta mutuwa, ta hanyoyin da suka fi ƙarfin abin da aka saba faɗa, wato cewa maharan a buge suke zuwa.

Gaskiya ne cewa yaran da ke riƙe da bindiga a daji, waɗanda da yawansu ba su kai shekara ashirin ba, suna shan ƙwaya da wiwi kafin su fita, kuma waɗanda suka kuɓuta daga hannunsu sun sha ba da labarin hakan. Tafiyar dare a kan babur mai ɗauke da mutum uku, da tsaron waɗanda aka kama na tsawon makonni, da aikata abin da zuciya mai lafiya ba za ta ɗauka ba, duk suna buƙatar abin da zai kashe gajiya da tsoro da tausayi. Jagoran daba kuma ya san cewa yaron da jikinsa ya saba da ƙwaya, wanda ba ya samunta sai a hannunsa, ba zai yi saurin barinsa ba. Amma daji ba ya tsirar da tiramadol, kamar yadda ba ya tsirar da fetur ko katin waya ko burodi. Dole wani daga gari ya kai, kuma saboda hatsarin da ke ciki, farashin da ake biya a daji ya ninka na kasuwa. Ta haka aka samu wata sana'a sabuwa a garuruwan da ke bakin daji, wadda maza da mata suka shiga, wasu don kwaɗayi, wasu don an yi musu barazana, wasu don noman da suka dogara da shi ya gagara. Jami'an tsaro a Zamfara da Katsina da Kaduna sun sha gabatar wa manema labarai mutanen da aka kama da irin wannan safara.

Abin da ya fi ci mini rai a cikin wannan lamari shi ne yadda ƙwaya ta shiga cikin kuɗin fansa. Sau da yawa bayan an daidaita kan kuɗi, masu garkuwar sukan ƙara da jerin buƙatu: sabon babur, katin waya, kayan abinci, taba sigari, da ƙwaya. Dattijon da bai taɓa kusantar kayan maye ba a rayuwarsa, wanda ya sayar da gonarsa da hatsinsa don ya fanshi 'yarsa, sai ya tsinci kansa yana tambayar matasan unguwa inda ake sayar da taramol, ya saya da kuɗinsa, ya aika wa waɗanda suka tozarta shi, yana sane da cewa da ita za su yi shirin harin gaba.

Sai kuma batun infoma, kalmar da ta zama abin tsoro a kowane gari na wannan yanki. Maharan da ke zuwa cikin dare su wuce gidaje ashirin su tsaya a ƙofar wanda ya sayar da shanu a makon nan, ko wanda ɗansa ya aiko da kuɗi daga birni, ba duba suka yi ba, wani ne ya faɗa musu, kuma wanin nan ɗan gari ne da ake sallah tare da shi. Ba kowane infoma ne ɗan ƙwaya ba, akwai masu hannu da shuni a cikinsu, har ma gwamnatin jihar ta tuɓe sarakunan Zurmi da Ɗansadau a watan Afrilun 2022 bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga. Duk da haka, matashin da dole ya samu kuɗin ƙwaya kullum, ba shi da gona ba shi da sana'a, ya riga ya sayar da wayarsa ya fara ɗibar hatsin rumbun gidansu, shi ne mafi arhar mutumin da za a saya a gari. Ɓarnar takan fara da satar kaji da awaki da kayan gona, wadda a da mai unguwa ke sasantawa a ƙofar gidansa, sannan ta kai ga sayar da sirrin maƙwabci a kan kuɗin da bai kai na tunkiya ba. Illar da wannan ya yi wa zaman tare ta fi ƙarfin ƙididdiga, domin mutane sun koma ɓoye samunsu ga 'yan uwansu, ana ɗaura aure a rage taro, kuma zargin zama infoma kaɗai ya isa a kashe mutum ba tare da an saurare shi ba.

Ɓangaren masu kare gari ma bai tsira ba. Matashin da aka ɗora wa tsaron dare da bindigar gida, alhali ya san masu zuwa suna ɗauke da manyan makamai, yana fuskantar irin jarrabawar da yaron daji ke fuskanta, kuma dila ɗaya ne ke sayar wa kowa. Lokacin da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Askarawan Zamfara a watan Janairun 2024, kamar yadda Katsina ta kafa nata dakarun a watan Oktoban 2023, an samu tsari da horo da albashi, abin da 'yan sa-kai na da ba su da shi. A ra'ayina duk rundunar da za a damƙa wa makami a irin wannan yanayi tana buƙatar gwajin ƙwaya a kai a kai, domin kisa ɗaya da aka yi cikin maye a kasuwa ya isa ya jawo wa gari guda ramuwa.

Matakan da hukumomi suka ɗauka kusan dukansu na toshe hanya ne. A ranar 1 ga Mayun 2018, bayan binciken da sashen BBC Africa Eye ya fitar kan maganin tari mai kodin, gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi, kuma a shekarar ce Indiya ta sanya tiramadol cikin magungunan da dokarta ta tsaurara. Hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1989, ta ƙara ƙaimi tun da Janar Buba Marwa mai ritaya ya karɓi ragamarta a watan Janairun 2021, ana kama kwantena-kwantena a tashoshin ruwa. A watan Satumban 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar, duk da nufin yanke wa daji hanyar samun kaya. A 2024 aka tashi 'yan kasuwar magani na Sabon Garin Kano zuwa sabuwar cibiyar Ɗangwauro don a samu damar sa ido a kansu. Waɗannan matakai ba banza ba ne, sun sa kaya sun yi tsada, sun kuma jefa wasu manyan dillalai a hannu. Sai dai rufe kasuwanni ya fi gigita manomin da ba shi da inda zai sayar da amfaninsa, su kuwa 'yan bindiga suka koma ƙwace abinci kai tsaye daga ƙauyuka da ɗora musu haraji. A ɓangaren ƙwaya kuma, da aka matsa wa tiramadol sai masu safara suka sauya haja. Wani binciken BBC da ya fito a watan Fabrairun 2025 ya bankaɗo yadda wani kamfani a birnin Mumbai ke haɗa tafentadol, wanda ya fi tiramadol ƙarfi, da wani maganin sassauta jijiyoyi mai suna karisofurodol, yana turo su Afirka ta Yamma a cikin kati mai kama da wanda matasa suka saba saya, lamarin da ya sa gwamnatin Indiya ta haramta haɗin nan take.

Dalilin da ya sa hajar ke sauyawa amma cinikin bai mutu ba shi ne masu buƙata suna nan, kuma kusan babu wanda ya tanadar musu mafita. Wanda jikinsa ya kamu da tiramadol marar lafiya ne, ko da kuwa da hannunsa ya jawo wa kansa. Nasiha da wa'azi suna da tasiri wajen hana wanda bai fara ba, suna kuma ƙarfafa wanda ya ƙudurta bari, amma ba sa ɗauke raɗaɗin da jiki ke shiga a kwanakin farko na dainawa, wanda ke buƙatar ma'aikacin lafiya da ya san yadda ake rage ƙwayar a hankali da yadda ake kula da mai karkarwa. Asibitin ƙauye, inda ya rage a buɗe, da ƙyar yake iya wa zazzaɓin cizon sauro da haihuwa, kuma ma'aikata da yawa sun gudu saboda su ma ana sace su.

A ɗauki uban da ke zaune a Ɗansadau ko ɗaya daga cikin ƙauyukanta, wanda ya fahimci cewa ɗansa ya kamu. Idan yana son kai shi asibitin ƙwararru na tarayya mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da ke Kware a jihar Sakkwato, sai ya jira ranar da aka samu rakiya zuwa Gusau, sannan ya sake kama hanyar Talata Mafara zuwa Sakkwato, tafiyar da jimillarta ta haura kilomita 300, ga kuɗin mota da na gado da na magani, a shekarar da wataƙila bai noma rabin gonarsa ba, ko kuma ya biya harajin daji kafin a bar shi ya yi girbi. Idan ya kai ƙara wurin hukuma, yana tsoron a ɗaure yaron tare da manyan masu laifi ya fito ya fi da lalacewa, ko kuma a yi masa kallon infoma. A shekarun baya irin wannan uba gidan mari yake nufa, amma samamen da 'yan sanda suka kai Rigasa a Kaduna cikin watan Satumban 2019, inda aka fito da mutum kusan 300, da wanda aka kai Daura a watan Oktoba na shekarar, sun tona irin azabar da ake gana wa mutane a wasu daga cikin gidajen, aka rufe su, aka mayar wa iyaye 'ya'yansu da ciwon da suka je da shi. Abin da ya rage wa mafi yawan iyalai shi ne su kulle yaron a ɗaki, wani lokaci da sarƙa a ƙafa, su nemo masa rubutu da ruƙiyya, su ɓoye maganar don kada ta shafi auren ƙannensa mata, har zuwa ranar da ya lallaɓa ya fita, ya tarar da mai tire ya baza kayansa a inda ya saba bazawa.